Seyni Kountché, sojan da ya rufe akwatin zaɓe ya buɗe filin kokowa

An haifi Seyni Kountché a shekarar 1931 a Fandou, cikin gidan sarautar Zabarmawa. Ya shiga sojan Faransa yana saurayi, ya yi yaƙi a Indocin da Aljeriya, kuma a 1973 ya zama babban hafsan sojojin Nijar. Ranar 15 ga Afrilun 1974, lokacin da fari ya gama cinye dabbobi da rumbuna, ya kifar da gwamnatin Diori Hamani. Cikin hafsoshin da suka mara masa baya har da wani ɗan Mainé-Soroa, Mamadou Tandja.

Majalisar ƙoli ta soja ta rusa majalisar dokoki, ta haramta jam'iyyu. Shekara 13 da ya yi kan mulki ba a yi zaɓen shugaban ƙasa ba. Amma jama'a ba ta zama haka nan babu wurin taruwa da ihu, kuma Kountché ya san da wannan. Sai ya farfaɗo da ƙungiyar Samariya, ya mai da ita hanyar isa ga matasa, gari da ƙauye. A 1975 kuma aka shirya gasar kokowar gargajiya ta ƙasa karo na farko a Tahoua, inda Yacouba Kantou na Maradi ya zama sarki.

Kafin nan kokowa wasan kaka ce, ta dandalin ƙauye bayan an kai amfanin gona gida. Gwamnatin soja ta ba ta dokoki, alƙalai da filaye, ta sa tana zagayawa jiha zuwa jiha, rediyon gwamnati yana kai labarin kowane kaye har bakin Komadugu. Mutumin Diffa da ba shi da ɗan majalisa ya samu ɗan kokowar da ke ɗauke da sunan jiharsa. Gwamnonin jihohi, waɗanda yawanci sojoji ne, su ke kula da tawagogi, kuma nasarar ɗan kokowa ta zama abin alfaharin gwamna. Tandja kansa ya riƙe Maradi, daga baya Tahoua, duka biyun gidajen kokowa ne.

Dabarar ta yi aiki, sai dai ba ta wanke mulkin ba. A daidai shekarun da makaɗa ke wasa 'yan kokowa, 'yan sandan ciki suna sauraron hirar mutane, masu suka kuma suna tsare ba shari'a.

Kountché ya rasu a wani asibitin Paris ranar 10 ga Nuwamban 1987, Ali Saibou ya gaje shi. Babban filin wasa na Yamai, wanda aka buɗe a 1989, sunansa yake ɗauke da shi. Da jam'iyyu suka dawo bayan taron ƙasa na 1991, 'yan siyasa ba su yar da abin da ya bari ba: suka koma rumfar manyan baƙi, ana shelar kyautar kowa da sunansa a lasifika, jama'a na tafi. A Disamban 2005, shekara guda bayan sake zaɓensa, kuma shekarar da yunwa ta addabi ƙasar, shugaba Tandja ya karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a wannan filin na tsohon maigidansa.