Malam Aminu Kano (1920–1983): Malamin Makaranta Kuma Jagoran Talakawa

Gabatarwa

A farkon shekarar 2011 jama'ar wasu ƙasashen Larabawa suka yi wa shugabanninsu bore. Shugaba Ben Ali na Tunisiya ya tsere ranar 14 ga Janairu, Hosni Mubarak na Masar kuma ya sauka ranar 11 ga Fabrairu. Murna ba ta daɗe ba. A 2013 soja suka kifar da zaɓaɓɓen shugaban Masar, Muhammad Mursi, a 2021 kuma Shugaba Kais Sa'id ya dakatar da majalisar Tunisiya. Wannan ya sake tayar da wata tsohuwar muhawara, wato ko al'ummar Musulmi za ta iya riƙe mulkin dimokuraɗiyya, da kuma abin da ke biyo baya idan talaka ya ɗaga kai. Ɗalibin Hausa ba sai ya je Alƙahira neman misali ba. An yi wannan muhawara a ƙasar Hausa tun kafin samun 'yancin kai, kuma wanda ya fi kowa tsayawa a kanta malamin makaranta ne, wanda aikinsa na ƙarshe na koyarwa a nan ƙasar Zamfara ya yi shi.

Haihuwarsa da Neman Iliminsa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ranar 9 ga Agusta, 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, muhuti ne a kotun alƙali, daga zuriyar Fulani Genawa, waɗanda aka sani da malanta da alƙalanci. Mahaifiyarsa Rakiya ita ma mai ilimi ce, a hannunta da na kakarsa ya soma karatun Alƙur'ani. Ke nan ba daga gidan talakawa ya fito ba. Ya tashi yana ganin yadda ake shari'a, ya kuma san abin da littafi ya ce da abin da ake aikatawa a zauren kotu.

Ya yi elementare a Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sannan Kwalejin Kaduna, inda ya sami shaidar malanta a 1942. A shekarar aka tura shi Midil ta Bauci. A can ya haɗu da Abubakar Tafawa Ɓalewa da kuma Sa'adu Zungur, wanda ya fi kowa tasiri a tunaninsa. Suka riƙa shirya taron muhawara inda ake tattauna mulkin En'e a bainar jama'a, abin da ba a saba ji ba a Arewa. A aji kuwa Malam Aminu ya shahara da shirya wa ɗalibai wasannin kwaikwayo masu zambo ga mazambatan kasuwa da azzaluman masu mulki, shi ya sa sunansa ke fitowa a tarihin rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa. A 1946 ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, ya ga yadda jam'iyyar Leba ke tafiyar da mulki bayan yaƙin duniya na biyu. Da ya dawo sai ya tsaya tsayin daka wajen kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa.

Zamansa a Maru

Wanda ya taso daga Tsafe ya bi ta Gusau ya wuce Bunguɗu, garin Maru zai tarar a kan hanyar Sakkwato. A wancan zamani duk yankin nan yana cikin Lardin Sakkwato, domin sai a 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Nan aka kawo Malam Aminu ya shugabanci kwalejin horon malamai, ya zauna daga 1949 zuwa 1950. Ana iya cewa ƙarin girma ne, ana kuma iya cewa an nisanta shi ne daga Bauci da Sa'adu Zungur. In dai nufin a kwantar da shi ne, to ba a dace ba.

A Maru ya zauna tare da wani matashin malamin Larabci ɗan Gummi, wanda daga baya duniya ta san shi da Shaihu Abubakar Mahmud Gumi. A lokacin ne Malam Abubakar ya yi inkarin yadda limamin garin ke yin taimama maimakon alwala, magana ta yi tsawo har ta kai gaban Sarkin Musulmi Abubakar III, Malam Aminu kuwa ya goyi bayan abokin aikinsa. Mai karatu zai iya ganin mas'alar ƙarama ce ta fiƙihu. Amma a wancan lokaci, a ce ƙananan ma'aikata biyu sun kafa hujja da littafi a kan wanda sarauta ta naɗa, ba ƙaramin abu ba ne. Wannan ita ce hanyar da Malam ya bi har ƙarshen ransa. Ya yi ta tuna wa jama'a cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙ, ya lissafta jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin ayyukan zaluncin da ya yi jihadi a kansu, ga shi kuma jikokin masu jihadi sun dawo da su ƙarƙashin inuwar Bature.

Yana Maru ne, ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin da Maitama Sule. Sunan Malam ba ya cikin takwas ɗin saboda yana aikin gwamnati. A watan Nuwamba na wannan shekara ya ajiye aikin, ya bar albashi da gidan gwamnati, ya koma Kano. A 1953 ya zama shugaban jam'iyyar.

Gwagwarmayar Neman Sawaba

Da Hausa ana kiran NEPU Jam'iyyar Neman Sawaba, alamarta tauraro. Kalmar sawaba aro ce daga Larabci, amma a bakin Bahaushe ta ɗauki ma'anar sauƙi da samun sarari bayan ƙunci, don haka manomin da bai taɓa jin kalmar dimokuraɗiyya ba ya gane inda aka dosa. Sanarwar Sawaba ta 1952 ta fito fili ta nuna cewa al'ummar Arewa ta rabu biyu, masu riƙe da En'e a gefe guda, talakawa a ɗaya gefen, kuma talaka ba zai sami sauƙi ba sai ya karɓi mulki da ƙuri'arsa. Jam'iyyar ta nemi a zaɓi majalisun En'e, a raba kotu da 'yan doka da gidan yari daga hannun sarakuna, a hana aikin tilas, a kuma ba mata ilimi da ƙuri'a. Ta fi samun gindin zama wurin 'yan koli da teloli da mahauta da malaman zaure, musamman a garuruwan da jirgin ƙasa ya ratsa, irin su Funtuwa da Gusau da Ƙauran Namoda, inda baƙi suka yawaita, kuma ɗan kasuwa bai dogara da hakimi wajen cin abincinsa ba.

Ya kamata ɗalibi ya lura da yadda zaɓen 1951 ya gudana, domin a nan ne za a ga yadda ake yin zaɓe ba tare da an bar jama'a sun zaɓa ba. Hawa-hawa aka yi shi. Mutanen unguwa su zaɓi wakilai, wakilan su zaɓi na gaba, har a kai matakin lardi. A matakin farko NEPU ta yi rinjaye a birnin Kano. Amma a matakin ƙarshe doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen, har kashi 10 cikin 100 na masu zaɓen. Da aka gama tacewa, ko mutum ɗaya na NEPU bai shiga Majalisar Arewa ba. Jam'iyyar NPC, wadda sarakuna ke mara wa baya, ita ta kwashe.

Abin da ya biyo baya kuwa tsofaffi da yawa sun ba da labarinsa. Mai neman izinin lacca wurin En'e zai nema, in ya yi ba izini ɗan dokan En'e zai kama shi, alƙalin En'e ya yanke masa hukunci, a kai shi gidan yarin En'e. An yi wa mutane bulala, an ɗaure wasu, wasu sun bar garuruwansu. A Kano aka sami ƙungiyar 'Yan Mahaukata masu far wa 'yan NEPU, su ma samarin NEPU ba su zauna hannu rabbana ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar, an ɗaure ta har sau 16. Duk da haka Malam bai kira jama'a su ɗauki makami ba. Ƙasar nan ta riga ta ga abin da ya sami mutanen Satiru a 1906, waɗanda suka yi tawaye da fartanya da gatari, aka shafe garinsu. Shi makamansa lacca ne da waƙa da jarida da ɗaukaka ƙara zuwa manyan kotuna.

Ya faɗi zaɓe a 1954 da 1956, sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a majalisar tarayya. NEPU ta sami kujeru 8, NPC kuwa 134. Saboda ƙawancen NEPU da NCNC, wadda ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, sai Malam ya tsinci kansa yana mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a Legas, alhali a gida ana ɗaure magoya bayansa. Wannan matsayi ya jawo masa suka, kuma a ganina sukar tana da hujja. A 1964 ya rasa kujerar.

Zamanin Soja da Jamhuriya ta Biyu

Bayan juyin mulkin 1966 an soke jam'iyyu duka. Janar Yakubu Gowon ya naɗa Malam kwamishinan tarayya a 1967, ya riƙe ma'aikatar sadarwa, daga baya ta lafiya, har zuwa 1974. Abin lura shi ne, yawancin buƙatun NEPU a hannun soja suka tabbata. Su suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e ɗin kanta, a shekarar kuma matan Arewa suka sami 'yancin jefa ƙuri'a. Abin da aka nema da ƙuri'a aka rasa, doka ta soja ta kawo shi. Sai dai da wuya a ce sojan za su taɓa waɗannan abubuwa da ba a shafe shekara 16 ana kuka a kansu ba.

A 1978 ya kafa jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979. Alhaji Shehu Shagari ne ya ci, amma Malam ya sami kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un ƙasa, jam'iyyarsa kuma ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna. Gwamna Abubakar Rimi da Gwamna Balarabe Musa suna hawa suka soke haraji da jangali.

Mulki kuwa ya zo da nasa ciwon. Ba a jima ba jam'iyyar ta dare biyu a kan yadda za a zauna da gwamnatin NPN da kuma ƙawancen da gwamnonin biyu suka ƙulla da takwarorinsu na wasu jam'iyyu. Aka sami 'yan santsi, ɓangaren gwamnoni, da 'yan taɓo, waɗanda suka tsaya tare da Malam. Kalmomin biyu sun cancanci nazarin ɗalibin harshe, domin dukkansu daga ƙasar damina aka ɗauko su, ɗaya tana kwashe ƙafa, ɗaya tana riƙe ta. A watan Yuni na 1981 majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa. Ranar 10 ga Yuli kuma tarzoma ta ɓarke a Kano bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Almajiran mutum guda suka koma jifan juna a dandalin lacca, shi kuwa yana raye yana gani.

Rasuwarsa

Malam ya sake shirin takara a 1983, har ya ɗauki mace, Misis Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiya. Bai kai ga zaɓen ba. Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62, aka yi masa sutura a gidansa da ke Gwammaja. Bai bar wata dukiyar a zo a gani ba. Cikin littattafan da ya bari da Hausa akwai Motsi Ya Fi Zama da Hikayoyin Kaifafa Zukata. A zaɓen da aka yi bayan rasuwarsa, ɗan takarar PRP, Sabo Bakin Zuwo, ya kayar da Rimi a Kano, amma wata uku kacal ya yi a kan kujera, soja suka sake karɓe mulki ranar 31 ga Disamba. An sa wa filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa sunan Malam, gidansa kuma, wanda ake kira Mambayya da laƙabin mahaifiyarsa, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero.