John Leighton Wilson na Baraka

A wannan biki muna tunawa da Wilson, wanda aka haifa a Amurka a 1809, a gidan masu bayi. Shi da matarsa Jane suka 'yanta bayin da suka gada, suka kawo Bishara Afirka a 1834. A 1842 ya kafa mishan a Baraka, cikin Libreville ta yau, inda dā ake tsare bayi. Zazzaɓi ya kashe abokin aikinsa, Faransawa kuma suna ƙwace ƙasar. Amma ya danƙa wa Yesu laifin jiya da tsoron gobe, ya duƙufa rubuta harshen Mpongwe. Ya rasu a 1886. Ikilisiyar Baraka tana nan har yau. 'Yan'uwa, mu ma mu dogara haka.