Peyton Rous: Likitan da kaza ta jawo wa lambar girma bayan shekara 55

Duk wanda ya taɓa kasa kaji a babbar kasuwar Maraɗi, ko ya saro su daga Tibiri da Jiratawa, ya san irin asarar da ake tafkawa idan ciwo ya shiga akurki. Ba mu manta da shekarar 2006 ba, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jaji ta jihar Kaduna, ta kuma bayyana a Magarya cikin watan Fabrairu, aka riƙa hallaka kaji, ciniki ya tsaya cik. A yau mun kawo muku tarihin wani likita Ba'amurke wanda ciwon kaza guda ɗaya ya zama sanadin ɗaukakarsa, ya kuma buɗe wa duniya ido a kan ciwon daji, wato kansa.

An haifi Francis Peyton Rous ranar 5 ga Oktoba, 1879. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne a birnin Baltimore, yana fataucin hatsi zuwa Turai. Ya rasu yaron yana ɗan shekara 11, ya bar matarsa da 'ya'ya uku, ga ƙarancin abin hannu. Danginta suna Texas, kuma da ta koma can da ta sami sauƙi, amma ta zaɓi zama a Baltimore saboda a nan makarantun kirki suke. Iyayenmu mata da ke riƙon marayu da ɗan jarin tuwo-tuwo sun san nauyin wannan shawara.

Rous ya shiga jami'ar Johns Hopkins, ya kama karatun likita. Yana cikin karatun ne ya yanke a yatsa wajen binciken gawar wani mai tarin fuka, cutar ta shige shi har sai da aka yi masa aiki a hammata. Dole ya ajiye littafi ya tafi Texas, ya shekara guda yana kiwon shanu a kan doki. Da ya warke ya dawo ya kammala a 1905. Ya koyar a jami'ar Michigan, ya je Dresden ta ƙasar Jamus ƙarin ilmi, sannan a 1909 aka ɗauke shi aikin binciken ciwon daji a cibiyar Rockefeller da ke New York.

Bai daɗe da kama aiki ba aka kawo masa wata wake-waken kaza daga wata gona, da ƙaton ƙari a ƙirjinta. Ya duba ya ga kansa ce. Ya yanki ƙarin ya dasa a jikin wasu kaji 'yan uwanta, sai ciwon ya kama. Daga nan ya niƙa ƙarin, ya dama, ya tace da wata matata mai ƙananan ƙofofi wadda tantanin jiki ko ƙwayar bakteriya ba sa iya ratsawa. Ruwan da ya fito garau ya ɗura wa lafiyayyun kaji da allura, su ma suka yi ƙari. Ke nan akwai wani abu ƙarami ƙwarai a cikin ruwan da ke haddasa ciwon, abin da yau muke kira bairos. Ya buga sakamakon a 1911.

To, sai dai manyan likitocin zamanin ba su karɓa ba. Wasu suka ce abin da ya gani ba kansa ba ce ta gaskiya, wasu suka ce lamarin kaji ne kawai, bai shafi ɗan Adam ba. Ya gwada a kan ɓeraye bai dace ba. A 1915 ya jingine binciken. A shekarar ce kuma ya auri Marion de Kay, wadda suka haifi 'ya'ya mata uku.

Bai zauna haka nan ba. Ana cikin yaƙin duniya na ɗaya, sojoji na mutuwa saboda zubar jini. Shi da abokin aikinsa J. R. Turner suka haɗa wani ruwa mai sukari da ke hana jini daskarewa, a ajiye shi har makonni. Da wannan dabara ce Oswald Robertson ya kafa ma'ajiyar jini ta farko a fagen fama a Faransa a 1917. Duk macen da aka ƙara wa jini a ɗakin haihuwa ta ci moriyar wannan aiki ko ba ta san sunan mai shi ba.

A 1934 ya koma kan binciken kansa, bayan da abokinsa Richard Shope ya gano wani bairos mai fito wa zomaye da ƙari. Sannu a hankali wasu masana suka yi ta gano irin waɗannan ƙwayoyi a ɓeraye da sauran dabbobi, gaskiyarsa ta fito fili. A 1966 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Charles Huggins, yana da shekara 87, wato shekara 55 bayan aikin. Mahakurci mawadaci, in ji masu iya magana. Surukinsa ma, Alan Hodgkin, ya riga shi karɓar lambar da shekara uku. Rous ya rasu a New York ranar 16 ga Fabrairu, 1970, kuma ciwon daji ne ajalinsa.

Mai karatu zai so ya ji yadda bairos ke juya jikin kaza. Mu ɗauki kowane tantanin jiki kamar kasuwa mai dubban rumfuna, kowace rumfa ƙwayar gado ce mai aikinta. Ba duka ake buɗewa lokaci ɗaya ba. Akwai wasu alamomi na sinadari da ke zama kamar kwaɗo a ƙofa: tantanin hanta yana buɗe nasa rumfunan ya kulle saura, na ido ma haka. Wata huɗu bayan rasuwar Rous, Howard Temin da David Baltimore suka bayyana sinadarin da irin wannan bairos ke amfani da shi ya kwafi gadonsa, ya cusa shi cikin gadon kazar, tamkar baƙon da ya kafa rumfa a tsakiyar kasuwa. A 1976 Michael Bishop da Harold Varmus suka gano cewa ƙwayar gadon da ke haddasa ƙarin, mai suna src, asalinta ta kaza ce. Bairos ne ya ɗauke ta ya lalata mata birki, sai ta riƙa umartar tantani ya yi ta hayayyafa ba tsayawa. Mu ma mutane muna da irinta a jikinmu, kuma wannan ne ya nuna cewa kansa na tasowa daga lalacewar ƙwayoyin gadonmu.

Wani ciwon kajin, wanda likitan dabbobi József Marek na ƙasar Hangari ya bayyana a 1907, nasa salon daban ne. Shi ne ke shanye ƙafar kaza, ka gan ta kwance ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Bairos ɗinsa yana sauya kwaɗunan nan ne: ya sa a kulle rumfunan masu gadi da ke hana ƙari tasowa, a bar na haɓaka a buɗe, shi kuma ya laɓe shiru cikin tantanin jini. Yana yaɗuwa ta ƙurar gashin kaji. Tun wajajen 1970 aka sami rigakafinsa, ana yi wa ɗan tsako ranar da aka ƙyanƙyashe shi, ko tun yana cikin ƙwai.

Saboda haka, 'yan uwa masu sana'ar kaji, idan za mu sari 'yan tsaki mu tambaya ko an yi musu wannan allura. Sababbin kaji a ware su na mako biyu kafin a haɗa da na gida, a riƙa share akurki da kejin dako. Masana ba su sami hujjar cewa bairos ɗin Rous ko na Marek na sa wa mutum kansa ba, amma murar tsuntsaye tana kama mutum har ta kashe. Kazar da ta mutu da ciwo a binne ta, kada a fige a kai kasuwa, a kuma sanar da ma'aikatan kiwo idan mutuwar ta yi yawa.

Hanyar da Rous ya share ce ta kai ga gane cewa bairos na ciwon hanta nau'in B na jawo kansar hanta, wani kuma na jawo ta bakin mahaifa, kuma dukansu yanzu suna da allurar rigakafi. Ta ciwon hanta tana cikin alluran da ake yi wa jarirai a asibitocinmu kyauta, don haka kada hidimar kasuwa ta hana mu kai su.