Tarihin Likita Harold Gillies, Mai Sake Gina Fuskokin da Yaƙi Ya Rusa

Mu da muke zaune a Zongon Wagadugu, da 'yan uwanmu masu cin kasuwannin Gaya, Ƙonni, Illela da Jibiya, da wuya a ce ba mu taɓa cin karo da wanda ya rufe rabin fuskarsa da rawani ko mayafi ba, saboda cutar noma ta cinye masa leɓe ko kunci tun yana yaro. Wannan noma dai ba ta haɗa komai da noman gona ba, sunan cutar ne kawai. Gyaran irin wannan fuska sana'a ce mai tarihi, kuma ba a ba da tarihinta a tsallake Harold Gillies.

An haife shi ranar 17 ga Yuni, 1882 a garin Dunedin na ƙasar New Zealand. Ya yi karatun likita a Jami'ar Kambirij da asibitin St Bartholomew's na Landan, inda ya ƙware a aikin kunne da hanci da maƙogwaro. Mutum ne mai barkwanci da son wasanni, sannan yana da hannun zane.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sauya masa hanya. A 1915 ya tafi Faransa tare da ƙungiyar Red Cross, inda ya tarar sojoji na yaƙi daga cikin ramuka, duk wanda ya ɗaga kai harsashi ko ɓaraguzan bom su same shi a fuska. A birnin Paris ya tsaya ya kalli Likita Hippolyte Morestin ya cire wa wani mutum ƙari a fuska, ya toshe gurbin da fatar mutumin. Da ya koma Ingila sai ya matsa wa manyan soja lamba har suka ba shi sashe a asibitin Aldershot a farkon 1916. Da kuɗin aljihunsa, fam 10, ya sayi takardun liƙawa masu ɗauke da adireshin sashen, don a maƙala wa duk wanda ya ji rauni a fuska a aiko masa. Lokacin gumurzun Somme na wannan shekara an yi shirin mutum 200, sai ga kimanin 2,000. Dole ta sa aka buɗe asibiti na musamman a Sidcup a 1917, inda aka yi tiyata fiye da 11,000 ga mutum sama da 5,000.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda yake shirya aikin. Kafin ya ɗauki wuƙa sai an ɗauki siffar fuskar majinyaci da farin filasta irin wanda ake ɗaure karaya da shi, sannan masu sassaƙa, cikinsu har da Kathleen Scott, su gina hancin ko haɓar da ta ɓace da kaki a kan siffar. Henry Tonks, wanda likita ne kafin ya koma zane, shi ke zana fuskar kafin aiki da bayansa. Daga nan Gillies ke auna yawan fatar da zai buƙata da inda zai yanko ta, kamar tela da ke gwada yadi kafin ya sa almakashi. Ya kuma gane cewa hanci hawa uku ne: shimfiɗar ciki, da ginshiƙi, da rufin waje. In aka manta da shimfiɗar ciki, duk kyan aikin sai ya motse. Ginshiƙin kuwa guringuntsin haƙarƙarin majinyacin yake sassaƙawa.

A wancan zamani babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, don haka ruɓewar fata ita ce babbar abokiyar gaba. A 1917, yana aikin wani sojan ruwa da wuta ta ƙone wa fuska, ya yanko fata daga ƙirjinsa ba tare da ya raba ta da jiki ba, ya naɗe ta ya ɗinke ta zama kamar hannun tulu, ya dasa bakinta a fuska. Jini na gudana a ciki, datti bai samun shiga, bayan makonni sai a yanke gindin. Gaskiya dai wani likita a Odessa, Vladimir Filatov, ya ɗan riga shi gano dabarar, amma a hannun Gillies ta bazu.

Ba kullum aka dace ba. A 1918 wani matashin matuƙin jirgin sama, Henry Lumley, ya rasu bayan an yi ƙoƙarin sauya masa fatar fuska gaba ɗaya a lokaci guda, alhali jikinsa bai yi ƙwari ba. Gillies bai ɓoye wannan kuskure ba, ya rubuta shi a littafinsa na 1920, daga nan kuma ya riƙa rarraba aiki kashi-kashi ko da zai ci shekaru. An hana ajiye madubi a ɗakunan jinya, domin wasu in sun ga kansu sai su fid da rai.

Wannan haƙuri shi ake bi har yau a Asibitin Yara Masu Cutar Noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, ko da yake dabarun ɗauko fata sun ci gaba sosai. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan ta fara kula da irin waɗannan yara a nan Burkina Faso a 1990, a Damagaram kuma a 1992. Sai an ciyar da yaro ya murmure, a buɗe muƙamuƙin da ya ƙage, kana a shiga gini. Cutar kan fara ne da gyambo a dasashin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 wanda yunwa ko ƙyanda ta raunana, kuma in an kai shi asibiti a kwanakin farko magani na tsayar da ita. In an bar ta, kusan tara cikin goma ba su rayuwa. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar Nijeriya.

Shi kuwa Gillies, Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir a 1930. A Yaƙin Duniya na Biyu ya sake komawa bakin aiki, shi da ɗan uwansa Archibald McIndoe wanda ya horar, bai kuma daina zane ba, har ya baje kolin zanensa a Landan. A watan Agusta na 1960 shanyewar jiki ta same shi yana tsakiyar yi wa wata yarinya tiyata a ƙafa. Ya rasu a Landan ranar 10 ga Satumba, yana da shekara 78.