Herbert Evans: Likitan da ya gano bitamin E a jikin ɓeraye

A Gusau, ko Tsafe ko Bungudu, magidancin da ya je kyamis da damuwar rashin haihuwa sau da yawa bitamin E ake miƙo masa, a ce yana ƙara wa maniyyi ƙarfi. Wannan suna da bitamin ɗin ya yi ya samo asali ne daga aikin wani Ba'amurke, Herbert McLean Evans, da ɓerayen da yake kiwo a ɗakin bincikensa.

An haifi Evans a shekarar 1882 a garin Modesto da ke jihar Kalifoniya, mahaifinsa kuwa likita ne. Ya kammala karatun likita a Jami'ar Johns Hopkins a 1908, sai dai duba marasa lafiya bai ɗauki hankalinsa ba kamar bincike. A 1915 aka naɗa shi farfesan ilimin sassan jiki a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, yana da shekara talatin da 'yan kai.

A can ne shi da wata likita, Katharine Scott Bishop, suka riƙa ciyar da ɓeraye wani abinci da aka haɗa musamman, wanda ke ɗauke da duk bitamin da aka sani a lokacin. Ɓerayen suka girma lafiya lau, matan suna ɗaukar ciki, amma sai 'ya'yan su mutu a mahaifa, jiki ya shanye su. Da aka ƙara musu ganyen latas ko tsiron ƙwayar alkama, sai haihuwa ta dawo. A 1922 suka sanar da cewa akwai wani sinadari a abinci da haihuwa ba ta yiwuwa sai da shi. Daga baya aka ga mazan ɓeraye ma, idan suka rasa shi, sashen da ke samar da maniyyi a marainansu yana lalacewa, kuma idan abin ya yi nisa ba ya gyaruwa.

A 1936 Evans da Oliver Emerson da Gladys Emerson suka tace sinadarin daga man tsiron alkama, aka sa masa suna tokoferol, daga kalmomin Girkanci masu nufin kawo haihuwa. Wannan suna ya yi wa 'yan kasuwa rana ba kaɗan ba.

Wasu masanan ne suka gano ainihin aikinsa: yana kare maiƙon da ke jikin ƙwayoyin halitta daga ɓarnar iskar oksijin, irin wadda ke sa mai ya lalace idan ya daɗe a buɗe. Ƙwayar maniyyi tana da irin wannan maiƙo sosai, shi ya sa aka yi zaton ƙarin bitamin zai taimaki namiji.

To, a nan gizo ke saƙar. Ɓerayen Evans da gangan aka hana su sinadarin, shi kuwa mutumin da ke cin gyada da manja da ganye ba kasafai yake rasa shi ba. Wani gwaji da aka yi a asibitocin Amurka, aka wallafa a 2020, bai ga ingancin maniyyi ya ƙaru ba a mazan da aka ba haɗin irin waɗannan magunguna. Wani babban binciken kuma a 2011 ya nuna masu shan bitamin E mai yawa kullum sun fi fuskantar kansar mafitsara ta maza da kashi 17 cikin ɗari. Ba a rasa ƙananan binciken da suka nuna alamun amfani ba, amma hujjarsu ba ta da ƙarfi, kuma ƙwaya ba ta maye gurbin gwajin maniyyi a asibiti, wanda shi ke nuna inda matsalar take.

Shi kansa Evans bai tsaya kan bitamin ba. Ya yi aiki mai yawa kan sinadarin girma da ke fitowa daga wani ƙullutu a ƙasan ƙwaƙwalwa, har ya samar da manya-manyan ɓeraye, kuma ya yi fice wajen tara tsofaffin littattafan kimiyya. Abokiyar aikinsa Bishop ta koma aikin asibiti, ba a cika ambaton sunanta ba. Evans ya rasu a Berkeley a watan Maris na 1971, yana da shekara 88, ba tare da ya samu kyautar Nobel ba.