Karl von Müller, kumandan da ya hana Ingila barci a Tekun Indiya

A Yaƙin Duniya na Farko, wata uku kacal jirgin ruwan yaƙin Jamus mai suna Emden ya yi yana kai hare-hare, amma cikin wannan ɗan lokaci sunan kumandansa, Karl von Müller, ya zagaya duniya. Har jaridun Ingila, da yake nutsar wa jirage, sun yaba masa saboda yadda yake riƙon mutanen da ya kama.

An haifi Müller a birnin Hanoba ranar 16 ga Yuni 1873, ɗan wani kanal ne na sojan Purushiya. Ya shiga rundunar ruwa a 1891. Lokacin da yake aiki a gaɓar Afirka ta Gabas ya kamu da zazzaɓin cizon sauro, ciwon da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. A 1913 aka ba shi jagorancin Emden, wanda ke da mazauni a tashar Cingdawo ta ƙasar Sin, da Jamus ke riƙe da ita a wancan zamani.

Da yaƙi ya ɓarke a watan Agusta 1914, shugaban rundunar, Amiral von Spee, ya nufi Amurka ta Kudu da sauran jiragensa. Müller ya nemi a bar shi ya shiga Tekun Indiya shi kaɗai, aka amince. Emden na da bututun hayaƙi uku. Sai ya sa aka ƙara masa na huɗu na ƙarya, don duk wanda ya hango shi daga nesa ya ɗauka jirgin Ingila ne.

Daga Satumba zuwa farkon Nuwamba ya tare jiragen kasuwa kusan 20, ya nutsar da yawancinsu. Kafin ya nutsar da jirgi sai ya kwashe mutanen ciki, ya tara su a wani jirgin da ya kama, ya sake su su tafi tasha mafi kusa. Da gawayin da yake ƙwata ne yake ciyar da injinsa. Ranar 22 ga Satumba ya yi luguden wuta kan tankunan mai na Madaras, wato Cennai ta yau, inda wasu mutane suka rasa rayukansu, jama'a da yawa kuma suka tsere daga birnin. Ranar 28 ga Oktoba ya kutsa tashar Penang da asuba, ya nutsar da jirgin Rasha Zhemchug, sannan da na Faransa Mousquet. Bayan faɗan ya tsaya ya tsamo Faransawan da suka tsira daga cikin ruwa.

Ranar 9 ga Nuwamba ya sauke sojoji kusan 50 a tsibiran Kokos don su lalata tashar wayar tangaraho. Amma ma'aikatan tashar sun riga sun aika kiran neman agaji. Jirgin Ostareliya mai suna Sydney, wanda ya fi Emden manyan bindigogi da gudu, ya iso ya ragargaza shi. Müller ya kifa jirgin kan gaɓar tsibirin Keeling ta Arewa don kada sauran mutanensa su nutse. Sojojinsa sama da 130 suka mutu. Waɗanda aka bari a tsibirin kuwa sun gudu cikin wani ƙaramin jirgi mai suna Ayesha, suka bi ta Yaman da ƙasar Hijaz, suka isa Santanbul a watan Mayu 1915.

An tsare Müller a Malta, daga baya aka kai shi Ingila, inda ya tsere a 1917 aka sake kama shi. Ciwonsa ya sa aka maida shi Holan a 1918, a shekarar kuma ya koma gida da lambar girma mafi daraja ta sojan Purushiya. Bayan ya ajiye aiki an zaɓe shi ɗan majalisar jihar Braunschweig. A can ya rasu ranar 11 ga Maris 1923, yana da shekara 49.

Gwamnatin Jamus ta ba sojojin jirgin da suka tsira damar ƙara Emden a sunan gidansu. A harshen Tamil na kudancin Indiya kuma, har yau ana kiran mutum mai wayo da tsaurin ido da sunan wannan jirgi.