Mehmed Sokollu: Wazirin da ya bar wa yankinsu gadar dutse

An haifi Mehmed Sokollu wajajen shekarar 1505 a ƙauyen Sokolovici da ke Bosniya, a gidan Kiristoci. Yana yaro jami'an Daular Usmaniyya ta Turkiyya suka ɗauke shi, kamar yadda suka saba ɗibar yara don aikin soja da na fada. Ya musulunta, ya yi karatu, ya zama shugaban sojojin ruwa a 1546, sannan Babban Waziri a 1565. Sarakuna uku ya yi wa wazirci: Sulaiman, Salim na II da Murad na III. A zamaninsa ne Mai Idris Aloma na Borno, daular da daga baya Gumel ta kasance ƙarƙashinta, ya tura jakadu Santambul.

Duk wannan ɗaukaka ba ta sa ya manta gida ba. Ya sa shahararren magini Sinan ya tsara gadar dutse a kan Kogin Drina a garin Visegrad, kusa da mahaifarsa. An kammala ta a 1577, tsawonta kusan mita 180, tana zaune a kan bakan gizo 11. Bayan shekara biyu wani mutum ya daɓa wa Wazirin wuƙa a Santambul, ya rasu.

Gadar ta tsira daga ambaliyar 1896. Yaƙe-yaƙen duniya biyu sun rusa wasu sassanta, aka gyara. A yaƙin Bosniya na 1992 an yi wa Musulmin garin kisan gilla a kanta. Hukumar UNESCO ta sanya ta cikin kayan tarihin duniya a 2007.

Daular da Sokollu ya yi wa hidima ta rushe tun 1922, amma har yau mutane na tsallake Drina a kan gadarsa.